Rakiyar Shanu zuwa Kumasi

Kabo ya ɗora ƙafa kan tayar tirela ke nan, direba ya finciko shi ta riga.

"Ina za ka? Motar ubanka ce?"

"An ce kana neman ɗan rakiya."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da wannan furfurar? Ka ma san aikin?"

"Sa ya faɗi, ka murɗe wutsiya ka tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Wani abu ne?"

"In ɗaya ya mutu, a daji zan ajiye ka."

"Na ji."

Ranar kasuwar Mai'adua ce, ana ta lodin shanu zuwa Legas. Kabo ba Legas za shi ba, Kumasi ya nufa. Shekara ɗaya da rasuwar ubansu, gonarsa ta Sandamu ta hana su zaman lafiya. Yayansa Harisu ya ce a sayar, Kabo ya ce sai dai a haƙa kabarinsa a ciki. Alƙalin kotun Shari'a a Daura ya ce ba zai taɓa gado ba sai an kawo takardar wakilci daga babban wansu Dabo, wanda ya shekara ashirin a Kumasi ba waya ba wasiƙa. Duk wanda ya riga isa wurin Dabo, shi zai cika masa kunne.

Kabo ba shi da kuɗin mota, sai dabara. Ɗan rakiya ba ya biya, wannan zai kai shi Legas. Daga nan acaɓa ya tsallaka da shi iyaka, motar albasa daga Kwatano zuwa Lome, ya shiga Gana da ƙafa, ya bi motar goro da ke komawa fanko. Kwana kuwa, ai kowane zango akwai masallaci.

Yana ɗaure ƙunshin ƙuli-ƙulinsa a jikin ƙarfe, sai ga wata tasi ta tsaya. Harisu ya leƙo, sabuwar shadda, sabuwar hula.

"A'a, ƙanena! Kai ma cikin kayan aka lissafa ka?"

Kabo ya ci gaba da ɗaurinsa.

"Ni ta Kongolam zan bi. Damagaram, Yamai, Wagadugu, duk a kujera mai laushi. Kwana huɗu ina Kumasi. Kai ko kana can kana wanka da kashin shanu. In ka iso, Dabo sai ya toshe hanci."

"Ina ka samu kuɗin kujera mai laushi, kai da ko buhun gero ba ka noma ba bana?"

"Allah ne ya ba ni. Ka tambaye Shi."

Direba ya daka tsawa. "Kai tsoho, surutu ka zo yi? Ga can ɗaya ya durƙusa!"

Kabo ya dira cikin shanu, ya kutsa tsakanin ƙahoni. Wani farin sa ne ya gurfana a lungu. Ya kama wutsiya zai murɗe, sai san ya waiwayo ya lashi hannunsa. Kabo ya tsaya. Ya kamo kunnen hagu: tsaga biyu, ta ƙasa a karkace. Shi ya riƙe wannan kunne ranar da ubansu ya tsaga shi, wuƙar ta zame. San noman tsohonsu ne, wanda Harisu ya ce ya kai wa Fulani kiwo sai an raba gado.

Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito irin na tsoho. San ya miƙe tsaye shi kaɗai.

Kabo ya haye saman ƙarfe. "Direba, kada ka tada motar nan. Akwai dukiyar gado a ciki."

"Ka ci gidanku! Mai shanun nan da kuɗinsa ya saya!"

"To a kira dillalin da ya tsaya masa."

A tike, kasuwar dabbobi, ba a cinikin dabba sai da dillali, don in magana ta tashi shi za a kama. Aka nemo Auta, ya zo yana goge gumi. Sarkin tike ya tambaye shi wa ya kawo san. Auta ya duba hagu, ya duba dama, ya nuna tasi da baki.

"Ya rantse mini nasa ne."

Harisu ya ce wa mai tasi ya ja. Mai tasi ya kashe mota, ya buɗe but, ya ajiye masa jakarsa a ƙasa.

"Ni ba na ƙetara iyaka da mai shari'a a wuya."

Aka sauke san. Direban tirela ya cillo wa Kabo ƙunshin ƙuli-ƙulinsa, haɗe da ashar, ya ɗauki wani ɗan rakiyar ya tafi. Sarkin tike ya ce sa da dillali da 'yan'uwan biyu duk gaban alƙali za su, yau ɗin nan.

"Ka kashe min tafiya, Kabo. Allah ya isa," in ji Harisu. "Kai ma ai ba ka ga Kumasin ba."

"Gona dai tana nan inda take."

Babu motar da za ta ɗauki sa ɗaya, sai aka kama hanyar Daura da ƙafa. Kabo na gaba da igiya, Harisu na baya da jaka a ka, sabuwar shadda ta jiƙe sharkaf. Da suka yi nisa Kabo ya kwance ƙunshi, ya ɓantari ƙuli-ƙuli, ya waiwaya. Harisu ya miƙo hannu.

Kabo ya miƙa wa san.