Gidan da Ba a Rantsuwa

Murja ta sauka daga acaɓa a ƙofar gidan Iya Ladidi a Garo, ta gyara hijabinta ta yi sallama. Tun daga Getso take bitar tambayarta a zuci. Yau bayan la'asar dagaci zai zauna kan fadamar gefen gonarsu, wadda maƙwabcinsu Sajo ya ce tasa ce. Babu shaida. An ce babanta Zailani ya rantse da Alƙur'ani ya riƙe abinsa, shi kuwa ya ce gidansu ba a rantsuwa. Fadamar nan ce ke ci da su da rani.

Iya Ladidi, yayar kakanta, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Sai da aka gaida kowa har awaki, sannan ta dube ta.

"Ke da sai an matse ki kike magana, me ya fito da ke da ranar nan?"

"Iya, me ya sa mu ba ma rantsuwa?"

Tsohuwar ta tura mata ƙwaryar. "Sa hannu tukuna. Labari ba ya shiga kunnen mai zaman banza."

Murja ta fara ɓara.

"Kakanmu Malam Jalo ba mutumin nan ba ne. Can gabas yake, wani gari mai ganuwa. Shi da mutanensa suka ce mumini in ya ce i, to i ce, ba sai ya ɗora hannu a littafi ba. Kuma ba sa ɗaukar mashi. Mai garin ya ce kowa ya rantse zai bi shi yaƙi. Suka ƙi. Aka ƙone musu rumbuna, suka ɗaure kaya a jakuna."

"Suka taho nan?"

"Ina! Sun zauna wani ƙauye, sun yi shuka, dawa ta fara kai, aka ce su rantse. A tsaye suka bar ta. Haka suka yi ta yin yamma har dajin nan na bakin ƙasar Katsina, babu kowa sai kuraye. Kura kuwa ba ta sa mutum rantsuwa. Su Jalon ne suka sare dajin da kuke nomawa."

Murja ta murza ɓawo a hannunta. "To Iya, ai yaƙin ya wuce. Ba za a sassauta wa Baba ba? Sau ɗaya kawai."

"Ni wa? Ni na ɗaure da zan kwance?" Ta hure gyaɗar tafin hannunta. "Wa ma ya kai ƙarar?"

"Baba Sajo. Wanda ya dawo daga Kano bara."

"Sajo ɗan Mahbub?" Iya ta yi dariya har da tari. "'Ya'yan Jalo maza biyu ne, 'yar nan. Ɗaya namu, ɗaya nasu. Mahbub har ya koma ga Allah ban ji wallahi a bakinsa ba. Shi Sajon a wajen kawunansa ya tashi, babu wanda ya faɗa masa. Ko an faɗa, birni ya cinye."

Lokacin da Murja ta iso ƙofar gidan dagaci, maza sun cika inuwar darbejiya. Ta raɓe jikin zaure. Babanta yana durƙushe.

"Ranka ya daɗe, fadama tawa ce. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Zailani, kalma ɗaya ce fa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Dagaci ya numfasa. "To, rantsuwa ta koma kan mai ƙara. A ba Malam Sajo ruwa ya yi alwala."

Butar tana kusa da ƙafar Murja. Ba ta taɓa buɗe baki a gaban taron maza ba. Ta ɗauka, ta ratsa su kanta a ƙasa, ta durƙusa gaban Sajo ta miƙa masa.

"Baba," ta ce a hankali, "Iya Ladidi ta Garo ta ce gida ɗaya muke. Ta ce kai ma jikan Jalo ne."

Sajo ya riƙe butar a karkace, ruwa yana zuba a ƙasa bai taɓa hannunsa ba.

"Ladidin da ta goye ni? Tana raye?"

"Tana nan. Gyaɗa na baro ta tana ɓara."

"Malam Sajo, muna jira," in ji dagaci.

Sajo ya daidaita butar, ya ajiye ta, ya dubi Zailani.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga zaman. Akwai tsohuwar da zan je in gayar a Garo."