Injin Iskar Almu

Mijina Almu direban babbar mota ne, shekara goma sha tara yana lodin albasa a Aliero yana kai ta Kurmi. Sauran direbobi idan sun dawo sukan kawo wa matansu atamfa, ko manja, ko ayaba. Ni nawa mijin kifi ya kawo mini, kuma ba na miya ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne guda bakwai, ja da ruwan ɗorawa, a cikin leda. Tare da su ya sauko da akwatin gilashi mai tsawon tabarmar salla, da ɗan inji kamar sabulun wanki, da siririn tiyo, da batir, da farantin sola.

Na tsaya a tsakar gida na riƙe ƙugu na ce, "Wanga kuma mi na?"

Ya ce, "Kihin kallo na, Shafa'atu. Ba a ci nai."

Na ce to Allah ya kyauta. A Jega, garin da ake soya kifi a bakin hanya har hayaƙi ya rufe tasha, mijina ne kaɗai ke ciyar da kifi da kuɗinsa don ya zauna ya zuba masa ido. Yayansa Bashar, mahauci ne a kasuwa, duk zuwan da zai yi sai ya leƙa gilashin ya ce duka bakwai ɗin ba su cika tsinken tsire ɗaya ba. Almu bai taɓa jin haushi ba. Sai ya nuna ɗan injin nan da ke hura kumfa cikin ruwa ya ce, "Kun ga wanga? Injin iska na. Shi ka ba su oksijin. In yat tsaya, sun tahi." Ya faɗi wannan magana ga baƙi ya fi sau ɗari, har na haddace ta kamar karatun allo.

Injin ba ya shiru. Ɓul-ɓul-ɓul, safe da rana, shekara huɗu. Na yi masifa har na gaji, daga baya kunnena ya saba.

Sai tari ya kama Almu. Aka ce ƙurar hanya ce, aka ce sanyi ne, aka ƙare a gadon asibiti da roba a hancinsa. A jikin tukunyar oksijin ɗin akwai wata 'yar kwalba mai ruwa, iska na bi ta cikinta kafin ta kai gare shi. Ranar farko da na ji ƙarar kwalbar nan take na gane ta, don sak ƙarar ɗakinmu ce. Shi ma ya ji. Ya yi murmushi da ƙyar ya ce, "Yau ni ak kihin." Likitoci sun yi iya yinsu. Kwana tara muka yi, a rana ta goma bayan azahar ya cika, kwalbar kuma ta ci gaba da ɓul-ɓul ɗinta har sai da ma'aikaciya ta zo ta murɗe.

Da na shiga takaba, abin da na fara yi shi ne zare wayar injin daga batir. Ban iya jin ƙarar ba. Ban yi tunanin kifin ba, wallahi ko kaɗan. Suka riƙa tasowa saman ruwa suna buɗe baki, ni kuwa ina ganin abinci suke nema, ina watsa musu. Cikin kwana shida duk suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe su da ludayi na binne a gindin zogale, na zubar da ruwan.

Amma ƙarar ba ta tafi ba. Ina tankaɗe da rana tsaka sai in ji ta daga ɗaka. In shiga, gilashi a bushe, waya a zare. Ina salla in ji ta a bayana, har in manta raka'a ta nawa nake. Na daina shiga ɗakin sai dole. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce: iska ta shafi matar Almu, a kai ta wajen masu ruƙiyya. Ni dai abu ɗaya nake so, kayan nan su bar gidana ta hanyar da ladan zai isa kabarinsa, ko na samu kunnena ya huta.

Ina fita takaba na fara neman mai karɓa. Ashe ba da sadaka ma aiki ne. Shugaban islamiyyar unguwarmu ya ce yara za su fasa gilashin su yanke. Kwamitin masallaci suka ce sola da batir suna so, sauran kuwa in nemi wani. Na ce ba a raba su, yadda ya haɗa su haka za su tafi. Wata ƙungiyar taimakon marayu a Aliero suka tambaye ni ko kifin na girma a sayar. Da na ce a'a, shugabansu ya dube ni kamar na zo yi masa ba'a.

Sai Yaya Bashar ya tuna da Hindu, taubashiyar Almu, a ƙauyensu na asali can bayan Giwa Tazo, ƙasar Maiyama. Matan ƙauyen sun haɗa ƙungiya, sun gina ɗaki ɗaya inda ake awon ciki da ba yara maganin zazzaɓi, Hindu ce ke riƙe da makulli. Na ce madalla. Yara masu kukan allura su samu abin kallo, in ya so ni zan sayi wasu kifin. Na kira ta a waya, layin yana yankewa, iska na kaɗa maganar.

Na ce, "Kayan marigayi na nika son in ba ku sadaka. Da injin iska, da tiyo, da batir, da sola."

Ta ce, "Injin mi?"

Na ce, "Injin iska. Shi ka ba su oksijin."

Kun ji abin da na faɗa. Maganar Almu ce ta fito daga bakina yadda na haddace ta. Ni da na ce "su", kifi nake nufi. Ban ambaci kifi ba, ban ambaci gilashi ba, don a kaina kowa a duniya ya san da su. Hindu ta yi kabbara har sau uku, ta ce Allah ya haskaka kabarinsa, layin ya yanke. Na yi mamakin wannan murna haka a kan abin kallo, amma na ji daɗi.

Ranar da direban da Yaya Bashar ya samo ya zo, motarsa cike take da buhunan taki. Ya ce gilashin ba zai kai Maiyama da rai ba sai an samu katifa an naɗe shi. Aka sa inji da tiyo da batir a kwali, aka ɗaura farantin sola a sama, gilashin ya zauna sai wani zuwan.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, Yaya Bashar ya shigo gidana da hantsi ko wuƙarsa bai ajiye ba. Ya ce wani mai sayen nama daga ƙauyen ya riƙe hannunsa yana ta godiya, wai yanzu sun huta da zuwa asibitin Jega, tunda iyalin Almu sun ba su na'urar oksijin da ya yi jinya da ita. Wai har an sa wa wani tsoho, Baba Barau, yau kwana biyu.

Na ce, "Wace na'ura?" Kafin in rufe baki na gane.

Ya ari motar maƙwabcinsa muka kama hanya. Muka wuce Maiyama muka sauka daga kwalta. Duk tsawon hanyar ƙarar tana kunnena, ta fi ta injin mota ƙarfi.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin awon na ji ta, wannan karon ta gaske. Hindu mace ce mai kai, ta taɓa jinyar mahaifiyarta a asibiti, ta ga yadda ake yi. Ta samo gorar ruwa ta huda murfin wuri biyu, ta yanka tiyon, iska na shiga ruwa tana fitowa ta ɗaya gefen. Ƙarshen tiyon an manne shi da filasta a hancin Baba Barau da ke kwance a kan tabarma. Ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri, leɓɓansa sun yi duhu. Matarsa, wata tsohuwa da ake kira Amariya, tana zaune a kansa tana masa fifita.

Hindu ta taso da fara'a ta ce, "Matar taubashi! Kin gani? Sadakarku ta yi rana."

Na ja ta waje. Na ce, "Hindu, na kihi na."

Ta ce, "Mi an na kihi?"

Na ce, "Injin. Kihin kallo Almu ka kiwo cikin gilashi. Babu oksijin ciki nai ko ɗis. Iskar ɗakin ga ta shika hurawa, wadda ni da ke muka shaƙa."

Ta dafa bango. Ta ce ranar da numfashin tsohon ya tsananta, 'ya'yansa har sun tsayar da mota za su kai shi Jega, ita ce ta ce su bari, ga na'ura ta zo har gida. Ta ce, "Ke kinka ce shi ka ba su oksijin." Na ce na faɗa.

Muka koma ciki. Na durƙusa na gaida tsohon na ce, "Baba, asibiti za mu kai ka yanzu." Ya buɗe ido ya tambaya ko ni ce matar mai injin. Aka ce ni ce. Ya ɗaga hannu da ƙyar, kalma ɗaya numfashi ɗaya, ya ce, "Allah shi jiƙan mijinki, ɗiyata. Tun da anka sa man abin ga nis samu barci."

Yaya Bashar ya ce a ɗauke shi. Batirin na mota ne, mai nauyi, an ɗaure wayoyinsa da na sola ta taga, kuma bayan motar ba zai ɗauki tsoho a kwance da mata uku da batir ba. Ni na san abin ba ya ƙara masa komai. Na miƙa hannu na zare wayar.

Ɗakin ya yi tsit. Tsohon ya zaro ido, ya kai hannu hancinsa yana laluben tiyon. Amariya ta ce, "Kin kashe mai iska!" Na ce Inna ba iskar magani ba ce, ta kifi ce. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Muka sa shi a mota, kansa a cinyar matarsa, ƙafafunsa a tawa. Yana ta ja, yana ta ja, idonsa a kaina. Mun hau kwalta, mun wuce Maiyama da kaɗan, sai na ji ƙafafun sun yi nauyi. Hindu ta fara salati. Yaya Bashar ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya juyo ya shafa idon tsohon, sannan ya juya kan motar muka koma inda muka fito.

Babu wanda ya zage ni a ƙauyen. 'Ya'yansa suka ce kwana ne ya ƙare. Hindu ta haɗa kayan a kwalinsu da hannunta ta sa mini a mota, ba ta dube ni ba. Ranar sadakar uku na koma gaisuwa. Amariya ta amsa, ta sa aka kawo mini ruwa, sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Kwana biyu shina barci da iskar mijinki. Da kin bar mai ita har mu kai."

Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu, ba tare da na ambaci suna ba. Ta ce kwana biyun da aka ɓata su ne matsalar, injin kifi ba ya riƙe ran mutum. Na yarda da ita. Amma ba ta ga idonsa lokacin da ƙarar ta tsaya ba. Kuma ko ta wace hanya aka bi, a kaina ake tsayawa: bakina ne ya hana a kai shi, hannuna ne ya zare wayar.

Ƙarar da ke bina ta daina tun ranar. Abin da na roƙa ke nan, an kuwa ba ni. Sai dai yanzu shirun nake ji, irin na ɗakin Hindu lokacin da na zare wayar, ina tankaɗe ko ina salla sai ya sauko mini gaba ɗaya. Mako biyu na daure. Ranar wata Laraba da hantsi na wanke gilashin, na ɗebo bokiti shida na cika shi, na ɗora farantin sola a kan rufin kicin inda Almu ke sa shi, na haɗa wayar.

Babu kifi a ciki, kuma ba zan saya ba. Yaya Bashar ya zo ya gani, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya ce in ina so zai nemo wani wurin da za a kai kayan, a yi musu bayani sosai wannan karon. Na ce ya bari. Duk wanda zai ɗauka sai an fara zare wayar, ni kuwa na zare ta sau biyu.