Shida ko Tara

Duk ƙauyen an san Inna Tahira da waya biyu. Ɗaya tata ce, wadda 'yarta Muhsina ke kiranta a kai daga gidan aurenta a Rimin Gado. Ɗayar kuwa, 'yar ƙaramar baƙa mai tsagaggen gilashi, ajiya ce. A ƙulle take a haɓar zaninta ko da gidan suna za ta, kuma ba ta yarda a kai ta shagon caji sai in ita ma za ta zauna a bakin shagon ta jira.

Wayar ɗanta ce na fari, Abdulmumini, wanda ya tafi Katar aikin gyaran wutar lantarki. Asusunsa na bankin gida da tsohon layinsa yake haɗe. Duk sanda zai taɓa kuɗinsa daga can, sai banki ya turo lambobi shida a wannan layi, in bai shigar da su da wuri ba su mutu. Layin kuma ya ƙi aiki a can. Saboda haka ranar da zai tafi ya ajiye mata wayar a kan tabarma, don kunya ba ta barin ya miƙa mata hannu da hannu, ya ce, "Inna, kada layin nan ya mutu. In ya mutu asusun ya tsaya."

Layi kuwa bai mutu ba. An gaya mata in an daɗe ba a yi kira da shi ba kamfani na ƙwacewa, don haka takan sa kati, ta kira ɗayar wayar tata, ta zauna tana kallon su biyun a cinyarta, ɗaya na kira ɗaya na kuka, sannan ta kashe.

Tun da aka haifi Abdulmumini ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuma irin matan da ne, waɗanda ko ɗan farinsu ya faɗi a gabansu sai su kau da kai su bar wata ta ɗaga shi. A ɗakin kakarsa ya girma. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan na Katar", kamar wani baƙon da ya taɓa kwana a zaure. Shi ma haka ya tashi ya gan ta, ya koyi gajeren zance da ita. Ba ƙi ba ne, ko kusa. Amma wannan kunyar, ni dai a ganina, ta cinye wa iyaye mata da yawa abin da ba za su ƙara samu ba.

To, ga yadda kiran yake. Baƙar waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Kafin ta gama kwance haɓar zani tata wayar ta ɗauka.

"Salamu alaikum, Inna. Kuna lafiya? Lamba ta shigo?"

"Ta shigo. Bakwai. Sifili. Uku. Uku kuma. Takwas. Ɗaya."

"Ta yi. Na gode, Inna. A gai da mutan gida."

Shi ke nan. Ta iya karatun lamba tun ajin yaƙi da jahilci, kuma ba ta tuntuɓe. Ƙwarewar tata ce ma ke gajarta kiran. Sai ta bi wayar da kallo, tsakar gida ta koma shiru, ba motsin kowa sai awaki. Malam Muhammadu Sani, mijinta, ya rasu, Muhsina ta yi aure, autanta Sha'aban yana Kano yana tsaron shago. Tuwon da take tuƙawa yanzu ko rabin ƙaramar tukunya ba ya kaiwa.

Wata rana a farkon damina sabis ya yi wasa, saƙon ya makara, lambar ta mutu kafin ya shigar. Dole ya nemi wata. Yana jira, ita ma tana jira, kuma ba yadda za a yi mutum biyu su riƙe waya su yi ta numfashi. Sai ya ce, "An yi ruwa kuwa?"

"An yi na shuka shekaranjiya."

"Gonar bayan rafi fa, wa ya shuka?"

Ta gaya masa. Ta gaya masa jar akuya ta haifi biyu, katangar yamma ta zube, buhun taki ya yi tsadar da mutane suka koma kwasar shara suna kaiwa gona. Shi kuma ya ce can zafi har ba a iya taɓa ƙarfe da rana, ya ce ya yi marmarin miyar kuka, har ya yi dariya. Rabonta da jin dariyarsa tun kafin ya tafi. Da sabuwar lamba ta shigo sai ta ji haushinta.

Ran nan har faccalarta Aina'u, matar ƙanin mijinta da ke sashen gaba, ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, yau kuma waƙa ake yi a bakin murhu? Ko miji aka samo ba a gaya mana ba?"

Daga nan Inna Tahira ta samo dabara. In akwai shida a cikin lambobin, sai ta ce tara. In da tara, ta ce shida. Banki ya ƙi karɓa, ya nemi wata, a samu ɗan zama. Ba kullum ba, don tana tsoron Allah kuma tana tsoron a gane. Bayan kowace sai ta yi istigfari, amma in wata ya kusa ƙarewa sai ta tsinci kanta tana tanadin labari: wa ya rasu, wa ya haihu, yadda gero ya yi kai. Abu mai sauƙi shi ne ta ce masa, ka riƙa kirana ko ba lamba. Bakinta ba zai iya ba. Uwa ta roƙi ɗan fari ya kira ta? Da wane idon za ta dubi kanta?

Ranar da abin ya ɓaci, yana so ne ya tura wa masu aikin gininsa a Ɗambatta kuɗin siminti. Ta juya lamba ta farko, suka yi hirar rufin ɗakinta da ke yoyo. Ta biyu ta zo yana tsakiyar ba ta labarin wani abokin aikinsa ɗan Sudan da ya iya Hausa, ita kuma tana son jin ƙarshen labarin, sai ta sake juyawa. Ta uku ta yi niyyar faɗin gaskiya, wallahi ta yi niyya. Amma garin sauri ta tsallake lamba ɗaya.

Ya shigar, banki ya sake ƙin karɓa.

"Sun rufe asusun, Inna."

"Rufewa kamar yaya?"

"In aka yi kuskure sau uku sai su ɗauka ɓarawo ne. Ba komai. Zan san yadda zan yi."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Makonni suka wuce baƙar waya ba ta yi motsi ba. Daga bakin Sha'aban take jin labari: Yaya yana ta fama da banki, an ce ya turo hoto, an ce ya turo takardar zama, an ce sai ya zo da kansa, an kuma ce ba sai ya zo ba. Masu gini suka kwashe kayansu suka koma wani aikin. Ita kuwa abinci ya daina shiga. Tana tsince ciyawa a gadon alayyahu tana shirya yadda za ta faɗa masa gaskiya, ta shirya ta rushe.

Ana gab da yankan gero ya kira, da hantsi, ba saƙon da ya riga shi. Muryarsa wasai.

"Inna, an buɗe. Kuma na gyara abin gaba ɗaya. Yanzu lambar a wayata take fitowa a nan, ba ruwana da tsohon layi."

"To," in ji ta.

"Ki yafe ni. Ina ta wahalar da ke da ƙananan rubutu, ban lura idonki ya fara rauni ba. Sai da na zauna na tuna, tun farkon damina kike haɗa shida da tara. Na gaya wa Sha'aban ya kai ki asibitin ido a Kano. Wayar kuma ki ba wanda kika ga dama. Kin huta."

Ta so ta faɗa masa gaskiya. In ta ce idonta lafiya, zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba ta taɓa iya faɗa masa ba tun yana cikin zani.

"Allah ya yi albarka," ta ce.

"Amin, Inna. Sai an kwana biyu."

Wata ya ƙare. Mai cire kuɗi na bakin kasuwa ya aiko a gaya mata kuɗin da yake turo mata duk wata sun iso, cif, har da ƙarin kuɗin mota zuwa asibiti. Ba wanda ya nemi ta karanta komai.

Da la'asar Aina'u ta shigo yi mata sannu da ido, riƙe da rigar jikanta da ta yage da allura da zare. Ta zauna tana ta lasar bakin zaren tana kai wa ramin allura hari tana kuskurewa, tana tsaki. Inna Tahira ta miƙa hannu ta karɓa, ta zura shi tashi ɗaya, ta mayar mata.

Aina'u ta dubi allurar, ta dube ta. "Yaya, to ina ciwon idon?"

"Ido lafiyarsa ƙalau."

"To me ya same ki kika rame haka?"

Inna Tahira ta daɗe tana murza haɓar zaninta.

"Muryar yaron nan nake so in ji, Aina'u," ta ce. "Hanya ɗaya ce da ni, kuma ni da bakina na toshe ta."