Kwanonin da Suka Dawo Cike

Man gyaɗa ya yi zafi har ya fara hayaƙi kafin Habsa ta zuba albasa. Tukunya ta yi ƙara, ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gida, ya haura katangar duwatsu ya faɗa maƙwabta. Ta ɗan ja da baya tana kare fuska da gefen kallabi, tana murmushi ita kaɗai. Rabonta da naman sa tun mijinta yana raye.

Jiya da yamma ne san amalanken ƙanenta Gajere ya zame a bakin kwazazzabon da ruwan sama ya zaftare, ya karye. Liman ya yanka shi tun da sauran ƙarfinsa, da safe kuma Gajere ya aiko mata da cinya da ɗan ƙashin baya. Ta yayyanka, ta tafasa da citta da tafarnuwa da gishiri, ta tsame ta ajiye romon a gefe. Yanzu tana jefa tsokokin cikin mai, suna yin ja.

'Yarta Raihanatu, wadda ta zo ganin gida daga Keita tare da ƙaramar 'yarta Maimuna, tana bakin turmi tana dakan busasshen tattasai da tumatir.

"Inna, a sa kimba?"

"Sa. Da kanumfari da masoro. Gabu kuwa bar shi sai ƙarshe, in ya daɗe bisa wuta ɗaci shika yi."

Ta juye dakan a kan naman, ta gauraya, ta bar shi ya soyu har mai ya taso sama jawur. Sannan ta marmasa daudawa, ta mayar da romo, ta janye itace guda don wutar ta lafa. Miya ta shiga tafasa a hankali, tana kauri.

Sai a lokacin ta lura da shirun. A ƙauyen nan na gindin dutse, kusa da Garhanga, ba a soya nama a ɓoye. Da ƙamshi ya fita, sai ka ji wata ta leƙo ta saman katanga tana cewa, "Iya Habsa, yau wane baƙo munka yi?" Fa'iza, matar Mahaman, da suke katanga ɗaya, ita ce ta farko kullum. Yau ko tarinta ba a ji ba. Habsa ta tuna 'yar Fa'iza, Mubaraka, tana kwance da masassara kwana da kwanaki. Ta ce a ranta, wannan romon shi zai buɗe wa yarinyar baki.

* * *

Da azahar ta jera kwanoni, ta zuba wa kowane gida rabonsa, na gidan Mahaman ta ƙara masa ƙashi mai ɓargo. Raihanatu ta ɗora su a faranti ta fita.

Ba ta jima ba ta dawo, farantin yana kanta yadda ta fita da shi.

"Ba su nan?"

"Suna nan." Raihanatu ta sauke farantin. "Gidan liman sun ce sun ci abinci. Gidan maƙera sun ce azumi suka yi. Gidan Mahaman ko ƙofa ba su bari na shiga ba."

"Azumi? Gida duka, har da yara?"

"Hakanan sunka ce."

Habsa ta buɗe kwano ɗaya ta sa yatsa ta lasa. Gishiri daidai. Ta sake lasa. Yaji bai yi yawa ba, daudawa ba ta fito fili ba. Ta shinshina naman, ta duba gindin tukunya ko ta kama. Babu abin da ta gani. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana juya al'amarin. Shin wata magana ta faɗa da ta ɓata wa wani rai? Ko wani biki aka yi ba ta je ba? Ta bi makon nan kaf a zuci, ba ta tsinci komai ba.

Can sai ta tafa hannu a hankali.

"Na gane. Sun ɗauka san ga mushe ne. Wani ya ce masu ya mutu kafin a sa wuƙa."

"Inna, liman da kansa ya yanka, kuma gidansa sun maido."

Habsa ta ji maganar, amma ba ta saki zatonta ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon gidan Mahaman da kanta.

* * *

Tsakar gidan Mahaman cike yake da mutane. Mata suna rakuɓe a inuwar rumbu, maza tsaye bakin zaure. An fito da Mubaraka an kwantar a tabarma. Yarinya ce da ba ta wuce shekara goma ba, ta rame, leɓɓanta sun bushe, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Fa'iza tana zaune a kanta tana yi mata fifita.

Habsa ta yi sallama. Murya ɗaya ko biyu suka amsa, can ƙasa. Mata suka janye 'ya'yansu jikinsu.

"Fa'iza, ya mai jiki? Romo na kawo mata. Kuma ku kwantar da hankali, san ga da ransa anka yanka shi. Ku tambayi liman."

Fa'iza ba ta ɗago ba.

Mahaman ya matso. Habsa ta san shi tun yana rarrafe, ta sha goya shi in uwarsa ta tafi rijiya. Yau bai ko rusuna ba.

"Iya, ba zancen sa muka yi ba."

"To zancen mi?"

"Ki saki ɗiyata."

Ta dubi hannuwanta. Kwano ne kawai a ciki.

"In sake ta? Ni da ban taɓa ta ba?"

"Tun jiya sunanki taka kira. Kowa nan ya ji."

Kamar an taɓa ta, yarinyar ta motsa, ta karkatar da wuya, ta ce cikin siririyar murya, "Iya Habsa, sake ni. Da zafi. Sake ni."

Wata tsohuwa ta yi salati. Habsa kuwa har ta ɗan ji sanyi, don ta san maganar.

"Ai kitso ne. Ni ka yi mata kitso tun tana ƙarama, kuma kullum hakanan taka cewa in na ja gashin ƙeya. Fa'iza, gaya masu. Ke kika kawo mani ita da kanki."

Fa'iza ta ci gaba da fifita, hawaye na ɗiga kan zanenta.

"Ɗiya na ƙarewa bisa tabarma," in ji wani daga bakin zaure, "gidan gwauruwa na ƙamshin nama. Sai a yi tunani."

"Kuma mun san gidan da ta fito," in ji tsohuwar. "Ubanta har ya tsufa shina yanka baƙin akuya gindin dutse."

A nan ne kalmar da kowa ke kewayewa ta iso kunnen Habsa, ko da yake ba wanda ya furta ta. Mayya. Suna nufin ta kama kurwar yarinyar, ita ce take dafawa tun safe. Gaskiya ne mahaifinta ya yi al'adun kakanninsa kafin ya kama salla, amma haka kakannin rabin mutanen da ke tsaye a nan. Ita kuwa tana salla tun kafin a haifi Mahaman. Ta nemi fuska ɗaya da za ta yi dariya ta ce wasa ake yi. Duk wadda ta duba sai ta kauce.

Raihanatu ta kutso tsakiyar taron da Maimuna a bayanta.

"Ba ku ji kunya ba? Damina ce, sauro ya cika gari, yarinya na da zazzaɓi ya hau mata kai. Ku ɗauke ta ku kai likita wurin majo, kuna nan kuna tuhumar tsohuwa."

"Za a kai," in ji Mahaman. "Amma sai uwarki ta tsallake ta tukuna. Ta kurkure baki a ba ɗiyar ta sha. Mun yi mata mutunci, ba mu ce ta tuɓe zane ba."

"Inna, kada ki yarda. Mu tahi."

Habsa ta tsaya da kwano a hannu, tunaninta na kai da kawo. In ta tsallake, ta amsa laifin da ba ta san shi ba. In ta ƙi, yarinyar ta cika, sun ce ita ta cinye ta. In kuma ta tsallake yarinyar ta tashi, me za su ce? Kowace hanya ta bi sai ta iske ta a rufe. Har wani tunani ya gilma mata wanda ya fi sauran ban tsoro: an ce akwai masu abin nan da ba su san suna da shi ba. Ta yi sauri ta nemi tsari.

Mubaraka ta sake yin nishi. Numfashinta na fita da ƙyar.

"In na yi, yanzu za ku kai ta?"

"Yanzu."

Ta ajiye kwanon a ƙasa. Aka miƙo mata ruwa a moɗa, mai miƙowar tana janye yatsu kada su haɗu da nata. Ta kurkure, ta mayar. Ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafar da ke yi mata ciwo, ta tsallake yarinyar. Aka ce ta ƙara, ta ƙara. Aka ce saura ɗaya. Zafin jikin Mubaraka yana bugo ƙafafunta kamar ta ƙetare murhu.

Kafin ta kai ƙofa ta ji an tayar da moto, babur ɗin da zai kai yarinyar Garhanga.

* * *

Bayan la'asar labari ya zo daga Garhanga. Majo, babban ma'aikacin jinya na can, ya yi faɗa sosai don an daɗe ba a kawo yarinyar ba, ya yi mata allura, ya ɗaura mata ƙarin ruwa. Zazzaɓin ya fara sauka, har ta gane uwarta ta nemi fura.

Habsa ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah. Ba ta sauke ba ta jiyo muryar wata mata a bayan katanga.

"Kun gani ko? Tana tsallake ta, ta sake ta."

Raihanatu ta yi tsaki, ta zagi jahilcin garin, ta ce gobe za ta gaya wa kawu Gajere komai, ta ce gara Inna ta bi ta Keita ta huta da mutanen banza. Ta yi ta faɗa tana kwashe shanya. Habsa tana jin ta, zuciyarta na ɗan yin sauƙi. Ko ba kowa, tana da wannan.

Ta mayar da miyar kan wuta ta ɗumama, ta kwashe tuwon hatsi. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna da akushi a gabanta. Maimuna ta taho da tafiyarta ta tatata, ta dafa gwiwar kakarta, ta buɗe baki kamar yadda ta saba.

"Zo nan, kishiyata. Ke dai ba ki azumi."

Ta laluba cikin miyar ta zaɓo tsoka mai laushi, ta murje ta da yatsu, ta hura mata iska. Ta kai hannu ke nan Raihanatu ta ajiye kayan shanyar, ta zo ta sunkuci yarinyar.

"Ta ƙoshi, Inna. Ɗazu na ba ta kunu."

"Ga ta tana miƙo hannu."

"Yaji zai ɓata mata ciki."

Ba ta dubi uwarta ba. Ta jefa Maimuna a baya, ta ja zane ta ɗaure tamau, ta shige ɗaki tana jijjiga ta.

Habsa ta bi ƙofar ɗakin da kallo. Wataƙila yajin ne. Yara da yawa ba sa jure kimba. Ta zauna a nan hannunta a miƙe, tsokar na hucewa tsakanin yatsunta, mai yana gangarowa zuwa wuyan hannunta, har ladan ya kira magariba.