Takardun da Bua Kamla ta zauna a kai

Na dawo garinmu Indore daga Toronto ta Kanada da digiri biyu da wasa ɗaya. A walimar masu ciki ta ƙawayena na can na koyi wasan. Kowace baƙuwa a ba ta takarda mai gidaje, kowane gida da sunan wata kyauta. Mai ciki tana buɗe kyaututtuka, ke kina soke abin da ya fito. Wadda ta fara cika layi ita ta ci.

Yayata Mrinal, da nake kira Didi, cikinta ya kai wata bakwai. Sau biyu ta yi ɓari kafin wannan, tun daga nan dariya ta yi mata wuya. Ana jibi bikin cika cinya, wanda mata ke zuba wa mai ciki shinkafa da kyaututtuka a haɓar sari, wato zanen da matanmu ke naɗawa, ta roƙe ni abu ɗaya.

"Ki sa a yi hayaniya, Tanvi. Kada su zauna suna kallona da tausayi."

Na buga takardu talatin. Bulumboti, nafkin, safar jariri, hular sanyi, kacau-kacau. Ranar bikin, Didi tana ɗaki ana sa mata furanni a kai, na raba wa matan da ke falo.

Surukar Didi ta karanta tata, ta kife ta a kan darduma.

Bua Kamla, yayar babanmu, ta gyara tabarau. "Aikin wa ne wannan?"

"Nawa ne, Bua."

"Shekara tara a ƙasar ƙanƙara, har kin manta ba a saya wa jariri ko zare sai ya yi kukan farko? Kuma yarinyar nan za ki nuna wa?"

Na san haka tun ina ƙarama. Mantawa na yi.

Muka ji ƙarar awarwaron Didi a baranda.

"Ku miƙo, maza!" in ji Bua. Ta tattara takardun, ta ɗaga jiki, ta zauna a kansu. Ta nuna farantan takarda da aka tanada don samosa. "Kowacce ta ɗauki ɗaya, ta rubuta abu tara da take zaton za a zuba a cinyar nan. Tambola ce, kun fi kowa iyawa. Ku fara da kwakwar Prabha. Tun ina budurwa kwakwa take kawowa."

Prabha, maƙwabciyarmu, ba ta bari ya faɗi ƙasa ba. "Ke fa, hajiyar kyauta? Sarin da kika ƙunso mata ba ni na ba ki shi a bikin Diwali na bara ba?"

Cikin wannan shewar Didi ta shigo. Aka zaunar da ita. Ƙunshin farko da ta kwance kwakwa ce. Mata talatin suka yi ihu suna soke faranti, Didi ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Da sarin da Bua ta kawo ya fito, Prabha ta tashi ta nuna inda shayi ya taɓa zuba a gefensa.

Surukar Didi ce ta ci. Ita ta karɓi jakunkunan baƙi a ƙofa, kuma ta leƙa kowacce.

Awa uku Bua ba ta motsa ba. A nan aka kawo mata abinci. Duk wadda ta tambaya, sai ta ce, "Ƙafata ce." Da Didi ta shiga ta kwanta, takardun suka shige jakar Bua.

Bayan mako tara aka haifi mace, lafiya ƙalau. Ranar suna Bua ta miƙo mini takardun, duk sun yamutse.

"Yanzu ki raba, 'yar Kanada."

Didi ta karɓi ɗaya, ta ga kwanan watan da na buga a sama. Ta dube ni, ta dubi Bua.

"Shi ya sa kika ƙi tashi ranar, Bua?"

"Ƙafata ce."

Na sunkuya na taɓa ƙafar, yadda ake girmama manya a wurinmu. Rabona da yi wa wani haka shekara tara.