Barewar Hure

Karo na uku ke nan Maiwada yana jan barewar nan da igiya zuwa gandun daji, tana turjewa, shi kuma yana ta ƙunƙuni. Shekara tara yana malamin daji a ƙasar Gaya, ya kama masu sare itatuwa, ya ƙwace bindigogin maharba, amma wai yau 'yar barewa ce za ta raba shi da aikinsa.

Hure, matar wani makiyayi a rugar bayan Toranke, ita ta tsince ta bara da mafarauta suka cinna wa daji wuta, ta raine ta da nonon akuya. Doka kuwa ba ruwanta da reno: ba a ajiye naman daji a gida. Jibi babban jami'i zai zo rangadi daga Kano, in ya tarar da ita a ruga, Maiwada ne zai kwana a ciki.

Ya kwance ta a bakin gandu, ya kore ta da jifa. Kafin ya turo kekensa cikin yashi ya iso ruga, ta riga shi, tana kwance tsakiyar awaki tana tuƙa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, don Allah ki daina ba ta dusa. Ke kike ja mini wahalar nan."

Hure ba ta fasa dakanta ba. "Malam, ni na kira ta? Barewa nawa suka rage a gandun naka?"

Da Maiwada ya kama aiki garke-garke suke, bana ko sawu bai gani ba.

"Dubi kunnenta," in ji Hure.

Ya duba. An tsaga shi, irin shaidar da ke kunnen awakin gidan.

"Ran Laraba 'yan farauta suka biyo ta nan. Babbansu na ganin kunnen ya ce a janye karnuka, dabbar mutane ce. Takardar dokarka ta taɓa hana su?"

Ba ta taɓa ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya yi tsaki, ya ɗora ƙafa a kan feda.

"Jibi a kora awakin kiwo tare da ita da sassafe, can wajen Gafasa. In kuma aka yi rashin sa'a jami'in ya gan ta..."

"In ce masa me?"

"Ki ce akuya ce. Ni ma abin da zan ce ke nan."