Katanga a Bakin Ƙaramar Ƙofa

Ni dai tun farko na ce kada mu je. Amma wa ya isa ya tanƙwara Baba? Tun da aka sanar za a rushe tsohon filin ƙwallon unguwarmu a gina kantuna, kuma wasan Asabar ɗin nan shi ne na ƙarshe, mutumin nan bai bar ni na huta ba. In kai masa abinci, maganar fili. In zo ba shi magani, maganar fili.

Baba shi ne golan kulob ɗin unguwarmu a zamanin da suke kwasar kofuna, shi ne ake wa laƙabi da Katanga. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta cinye rabinsa. Ƙafar hagu janta yake yi, bakin ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba yake ganewa. Shekara da shekaru bai taka filin ba, alhali daga tagar ɗakinsa ana hango fitilunsa.

Kulob ɗin yana da wata al'ada tun kafin a haife ni. Duk wanda ya taɓa sa musu riga ba ya bin babbar ƙofa, ba ya yankar tikiti. Akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a baya, kusa da famfon da 'yan wasa ke wanke takalma. Nan tsohon ɗan wasa zai je ya buga da tafin hannu, a buɗe masa, ya ratsa ɗakin canza kaya ya ɓullo kan ciyawa. Ba kati, ba takarda, fuskarka ita ce shaidarka. Abin da Baba yake so ke nan, ya bi ta ƙofar nan sau ɗaya kafin katafila ta iso. Na tuna masa mai gadin da ya san fuskoki ya daɗe a ƙasa, kuma kulob ɗin ya koma hannun wasu sababbin masu kuɗi. Ya ce ƙofa ai ba ta mutu ba.

Haka na goge masa riga, na taje masa gemu, muka fito yana dogara sanda ina riƙe da ɗaya hannun. Titin ya cika maƙil. Masu sayar da tuta, masu busa ƙaho, masu ruwan sanyi, kowa sai ihu yake. An lilliƙa hotunan kantunan da za a gina a jikin bangon filin, har da wasu mutane suna dariya da ledoji a hannu. Wani ƙato ya bangaje Baba, ya juyo ya ce, "Ku ma dai, ina za ku da tsoho a wannan turmutsutsun?" Saboda idon Baba na ja hannunsa muka wuce.

Da kyar muka zaga baya. Famfon ya bushe, ƙofar ta yi tsatsa, amma tana nan. Baba ya saki hannuna, ya gyara tsayuwa, ya buga.

Wani saurayi mai kayan gadi ya leƙo, da oba-oba a hannu. "Baba, nan ba hanya ba ce. Ku koma ta gaba."

Baba ya yi magana, yaron bai gane ba. Na ce, "Cewa ya yi ka buɗe, tsohon ɗan wasa ne. Katanga ke nan a gabanka."

"Anti, ni ba a ba ni sunan kowa ba."

"To tambayi wanda ya ajiye ka."

Ya kara oba-oban a baki ya yi bayani. Muna tsaye muka ji amsar ogan nasa tana fitowa da ƙarfi: "Wane Katanga? Ka ce musu su ji tsoron Allah, su daina wasa da sunan mamaci don kallon banza."

Mamaci! Na ce, "Uban wa ya mutu? Ga shi nan yana numfashi, ko makanta ce ke damunka?" Yaron ya ce in yi haƙuri, aikinsa yake, ya ja ƙofa ya danna sakata.

A tsaye a wurin na gano inda aka haihu a ragaya. Wanda ya rasu bara mataimakin Baba ne, golan da ya ƙare rayuwarsa a benci. Su waɗannan sababbin sun ji an ce tsohon gola ya rasu, shi ke nan suka binne ubana ba tare da sun tambayi kowa ba. To in ma ya mutun ne, wa ya tako ya yi mana ta'aziyya? Tsakanin ofishinsu da gidanmu tsallaka titi ne kawai.

Ban gama huci ba lasifikar filin ta ɗauka. Mai sanarwa ya ce kafin a take wasa, jama'a su miƙe a yi shiru don tunawa da gwarazan da suka riga mu gidan gaskiya. Ya fara jero su, na ji sunan Baba da kunnena. Filin ya yi tsit, har kukan tantabarun da ke rufin kwano ana ji. Can sai wani daga ɓangaren tsofaffin magoya baya ya ɗaga murya, saura suka amsa, kan ka ce kwabo filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Katanga! Katanga!" Ƙofar ƙarfen har rawa take.

Na hau dukanta da hannu biyu ina kururuwa cewa yana raye, ga shi nan. Wa zai ji ni? Na juyo ina kuka na ce, "Baba, zo mu bi ta gaba. Ko ana ha-maza ha-mata sai na kai ka tsakiyar filin nan, su gan ka da idonsu, su ji kunya."

Ya riƙe mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Ashe har yanzu da ƙarfi a hannun. Ya jingina kunnensa da ƙofar, idonsa a rufe, miyau yana zuba kan rigar da na goge.

"Ƙyale su," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan gane. "Tun da na bar raga ban ji sun kira ni haka ba. In suka gan ni a haka, shiru za su yi."

Na dube shi tun daga bakin har ƙafar. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce har gobe ban yafe musu ba. Na tsaya na tallafe shi kada ya faɗi, yana sauraron makokinsa har alƙalin wasa ya hura usur.